Korona Ta Dawo, Amma Wa Take Nema?

A watan Mayun 2025 hukumomin lafiya na Singafo suka sanar cewa masu kamuwa da korona sun tashi daga kimanin 11,100 zuwa 14,200 cikin mako guda. Hong Kong da Tailan da Indiya suka biyo baya da irin wannan labari, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa wani sabon nau'in cutar mai suna NB.1.8.1 cikin waɗanda take sa wa ido. Kafin watan Yuni ya ƙare abin ya matso kusa da gida. Jami'ar Ghana da ke Legon ta dakatar da bukukuwan ɗalibai da sauran taruka bayan cutar ta ɓulla a tsakaninsu, daga baya ministan lafiyar ƙasar ya shaida wa majalisa cewa an tabbatar da kamuwar fiye da mutum ɗari. Wanda ya san yawan 'yan'uwanmu da ke Nima da zangon Kumasi, da motocin da ke kai da kawowa tsakanin Accra da Legas dare da rana, ba zai ɗauki wannan a matsayin labarin wata duniya ba.

A majalisar da nake zama bayan isha'i cikin birnin Kano, labarin bai daɗe a baki ba. Wani tsohon direban tirela, wanda yake cikin manyanmu a wurin, ya ce, "To, an fara neman kuɗi ke nan." Aka yi dariya, aka koma hirar tsadar man fetur. Ni ban yi dariyar ba, amma ban ga laifinsa ba. Mutumin nan ba jahili ba ne. Abin da ya gani da idonsa yake faɗa.

Ya ga an kulle Kano a tsakiyar Afrilun 2020, ana gab da kama azumi, an hana mai faci da tela da ɗan dako da mai adaidaita sahu fita, alhali abin da za su ci da dare sai sun nemo shi da rana. Ya ji ana lissafa biliyoyin tallafi a rediyo, unguwanni da yawa kuwa ko ƙurarsa ba su gani ba. Sai ga watan Oktoba, lokacin zanga-zangar EndSARS, jama'a suka fasa manyan ɗakunan ajiya a Legas da Jos da Kaduna da Ilori, suka fito da buhunan abinci da katan-katan na taliya masu tambarin tallafin korona, watanni bayan an gama shan yunwar da aka ce dominta aka tara su. Hukumomi sun yi ta bayani, amma hoton mutane a kan rufin sito a Bukuru da ke kusa da Jos ya riga ya shiga kowace waya. A Disambar 2021 kuma aka nuna a talabijin ana binne allurar rigakafi fiye da miliyan ɗaya a juji a Abuja, domin ƙasashe masu arziki sun aiko mana da ita ne wa'adinta na gab da ƙarewa. Bakano mai shekaru kuwa yana da wani tabo da ya girme wa duk waɗannan: gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara 200 lokacin annobar sanƙarau a 1996, yara 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Duk na yarda da wannan. Inda muka rabu da Alhaji direba shi ne, cin kuɗi da sunan cuta daban, rashin cutar daban. Wanda ya kwana ya tashi a Kano a makonnin ƙarshe na Afrilun 2020 ya sani, ko da bakinsa ya ƙi faɗa. Jana'iza bayan asuba, jana'iza da hantsi, jana'iza bayan la'asar. Kana dawowa daga maƙabarta waya na shigowa. Masu haƙar kabari a Dandolo da sauran maƙabartun birni su suka fara fitowa suka gaya wa 'yan jarida cewa ba su taɓa ganin aiki irin wannan ba. Kuma ba yara ake kaiwa ba. Dattawa ne: farfesoshi, tsofaffin ma'aikata, malamai, 'yan kasuwar da suka ga jiya suka ga yau. A masallacin layinmu, da aka ɗage kulle aka dawo jam'i, sahun farko ya canza fuska. Mutanen da tun ina yaro na san wurin tsayuwarsu bayan liman, wasu ne suka maye gurbinsu.

Da farko gwamnatin jiha ta ce hawan jini ne da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. A daidai lokacin cibiyar gwajin korona ɗaya tilo da ke jihar ta rufe na wasu kwanaki, asibitocin kuɗi da dama suka ja ƙofa don tsoro, mai ciwon da ba korona ba ma ya rasa inda za a duba shi. Sai a watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya faɗi sakamakon binciken da aka yi ta hanyar tambayar iyalan mamatan: mutum 979 a ƙananan hukumomin cikin birni, ana kai kimanin 43 a rana lokacin da abin ya yi tsanani, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona. Ku lura da kyau, bayanin farko ba ƙarya ba ne zalla. Yawancin mamatan suna da hawan jini ko suga. Da ciwonsu suke rayuwa shekara da shekaru, suna shan magani, suna zuwa kasuwa, har korona ta zo ta ƙarasa aikin cikin mako guda. Wannan shi ne halinta tun ranar farko, kuma shi ne halinta har yau.

Wasu sun yi ta cewa ciwon manya ne, na masu hawa jirgi. Dalilinsu shi ne sunayen da suka ji: Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, wanda ya rasu ranar 17 ga Afrilun 2020, tsohon gwamnan Oyo Abiola Ajimobi a watan Yuni, a Nijar kuma ministan ƙwadago Mohamed Ben Omar a watan Mayu. Gaskiyar ita ce manya su ake yi wa gwaji, su ake sanar da rasuwarsu a rediyo. Talaka in ya rasu da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa, ba gwaji, ba takarda. A Najeriya mutuwa ɗaya cikin goma ce kawai ke shiga rajistar hukuma. Don haka idan aka ce mana korona ta kama mutum kimanin 267,000 a ƙasar nan, ta kashe 3,155, wannan lissafin waɗanda aka gwada ne, ba na waɗanda aka binne ba. Binciken jini da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, da abokan aikinta suka yi a ƙarshen 2020 ya nuna kashi 23 cikin ɗari na mutanen Legas sun riga sun kamu, haka Enugu, Nasarawa kashi 19, Gombe kashi 9. A Legas kaɗai wannan miliyoyin mutane ne. A Afrilun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi biyu bisa uku na 'yan Afirka sun kamu, mafi yawansu ba su ma sani ba.

To me ya sa ba mu ga irin abin da Italiya da Indiya da Brazil suka gani ba? Allah ne Ya tsare, ba shakka, kuma cikin hanyoyin tsarewarSa akwai ƙuruciyarmu. Rabin 'yan Najeriya ba su kai shekara ashirin ba, a Nijar ma sun fi haka ƙanƙanta, alhali a Italiya rabin jama'a sun haura arba'in da biyar. Ga shi yawancin rayuwarmu a fili take: kasuwa, gona, tsakar gida, gindin bishiya. Kuma ba mu tara tsofaffi a gida guda kamar yadda Turawa ke yi, inda cutar ta shiga ta yi ɓarna mai yawa. Ƙasar da yara suka yi wa yawa ba za ta ga gawa a titi ba. Za ta dai rasa tsofaffinta ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ai dama ya manyanta.

Kakata ta wajen uba takan ba mu labarin shekarar marisuwa, kamar yadda ita ma ta ji a bakin iyayenta, yadda gida guda zai fitar da gawa biyu ko uku a yini. Sai da na girma na karanta cewa murar 1918 ce, wadda ta shigo Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba, ta biyo layin dogo da hanyoyin fatake zuwa Arewa, ta kashe kimanin mutum 500,000 a ƙasar da jama'arta ba su wuce miliyan 18 ba. Abin da ya sa na kawo ta shi ne, ita ma ba rana ɗaya ta tafi ba. Ta zo zango-zango, sannan ta lafa ta zama ɗaya daga cikin murar da ake yi kowace shekara. Korona hanyar da ta bi ke nan. Mun ga zangon farko a 2020, na biyu a hunturun ƙarshen shekarar, na nau'in Delta a daminar 2021, na Omicron a Disamba, lokacin da Ingila ta sa mu cikin jerin ƙasashen da ta hana shiga. A ranar 5 ga Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an fita daga halin gaggawa. Ba ta ce cutar ta ƙare ba, mu ne muka ji haka don haka muke son ji.

Saboda haka duk wanda ya ce muku 2020 ce za ta dawo, bai yi muku adalci ba. Ƙwayar cutar da ta same mu a lokacin ta samu jikin da bai taɓa saninta ba. Yau kusan kowa ya taɓa haɗuwa da ita, ko ta kamuwa ko ta allura ko duka biyu, garkuwar jiki ta san fuskarta. Nau'o'in da suka biyo baya, JN.1 da XEC da NB.1.8.1 da sauransu, duk zuriyar Omicron ne. Sun fi iyayensu saurin yaɗuwa da iya zille wa garkuwa, shi ya sa mutum kan kamu sau biyu sau uku, amma Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce babu shaidar cewa NB.1.8.1 ya fi na baya tsanani. Garkuwar da ke hana kamuwa takan yi rauni bayan 'yan watanni, sai sabon nau'i ya samu ƙofa, lambobi su hau, bayan makonni su sauka. Za mu ci gaba da jin "korona ta dawo" duk shekara, wataƙila sau biyu a shekara.

Kuma a jerin abin da ke kashe mu, ba ita ce a gaba ba. Fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya 'yan Najeriya ne. A 2021, muna ta maganar Delta, kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 ta kashe fiye da 3,500, wato a shekara guda mamatanta sun zarce waɗanda hukuma ta rubuta wa korona gaba ɗaya, kuma Bauchi da Kano da Jigawa na cikin waɗanda suka fi ji a jika. Mashaƙo, wadda allurar yara ta yau da kullum ke hanawa, ta addabi Kano tun ƙarshen 2022. Duk gwamnan da zai rufe kasuwa ko makaranta ko masallaci a yau saboda korona, ya bar rijiyoyin da kashi ke malala ciki, ni ne na farko da zan ce bai san aikinsa ba. Yaran da suka yi watanni a gida a 2020, wasu har yau ba su koma aji ba, 'yan mata da yawa aure aka yi musu. Almajiran da jihohi suka yi ta lodawa a motoci suna mayar wa juna, cutar aka yi wa jigila da su. A Yamai rufe masallatai ya jawo ƙone-ƙone ana gab da azumi. Kulle magani ne mai ɗaci da aka sha lokacin da ba a san komai ba, babu dalilin sake shansa.

Amma daga "ba kulle" zuwa "ba komai" akwai tafiya mai nisa, kuma a wannan tsakanin tsofaffinmu suke zaune. Saurayi ɗan shekara ashirin da biyar in ya kamu yau, mura ce da ciwon maƙogwaro da kasala na 'yan kwanaki. Baban wannan saurayi mai shekara saba'in, mai suga, mai hawan jini, mai ciwon ƙoda ko asma, shi ne wanda za a kwantar. Haka mai juna biyu, haka mai sikila, haka wanda ake yi wa maganin daji ko wanda ke shan maganin ƙanjamau bai daidaita ba. Tambayar da ta dace kowane magidanci ya yi wa kansa ba wai "korona gaskiya ce ko ƙarya" ba ce. Ya duba gidansa ya ga wa ke cikin wannan jerin, sannan ya duba su wa ke shiga ɗakinsa.

A nan ne al'adarmu mai kyau take juyo mana da kaifi. Mu mutane ne masu zumunci. Tsoho in ya kwanta rashin lafiya, ɗakinsa ya fi kasuwa cika. 'Ya'ya, jikoki, surukai, maƙwabta, abokan sana'a, kowa sai ya shigo ya durƙusa ya yi sannu, a rufe ƙofa a sauke labule don kada iska ta buge shi. Cikin masu dubiyar akwai mai tari, akwai mai jan hanci, kuma a wurinmu mura ba ta hana zumunci. Kai, wanda ya ce ba zai je gaida Baba ba don yana mura, sai a ce ya fara girman kai. Haka zaman makoki, haka ɗakin mai jego, haka tarbar alhazai, waɗanda kowa ya san da tarin da suke dawowa da shi daga cikin miliyoyin mutanen da suka taru daga kowace nahiya. Alhaji ya sauka yana tari, a zaunar da shi a falo, tsofaffin dangi su ne na farko da za su zo su rungume shi su sha zamzam.

Korona a numfashi take tafiya. Mai ita yana magana ko tari ko dariya, tana fita ta tsaya cikin iskar ɗaki kamar yadda hayaƙin turare ke tsayawa, mai shigowa ya shaƙa. A 2020 mun kashe kuɗi a kan bokitan wanke hannu da feshin tituna da motocin kashe gobara, muka bar tagogi a rufe. Wanke hannu abu ne mai kyau, yana maganin kwalara da gudawa, amma ga wannan cuta taga buɗaɗɗiya ta fi bokiti amfani. Masallatanmu na zamani da aka liƙe da gilashi aka sa na'urar sanyaya ɗaki sun fi tsohon masallacin unguwa mai tagogi huɗu haɗari a lokacin da mura ke yawo, haka motar haya da aka ɗage gilasanta saboda ƙurar hunturu.

A gidanmu mun kafa doka guda a kan ɗakin Hajiyarmu, wadda ta haura tamanin kuma take fama da suga: mai mura ba ya shiga. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ko ya kira waya, in kuma dole ne ya shiga, ya sa takunkumi, taga a buɗe. Ranar da aka fara, wata gwaggonmu ta yi fushi ta ce, "Yanzu ni za ku hana ganin yayata? Boko ya yi muku yawa." Hajiya da kanta ta raba gardamar daga kan gado, ta ce, "Ke dai zauna nan waje, ina jin ki. Tarin nan naki ba na so." Aka shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, suka yi hirarsu ta taga har magariba. Zumunci bai ragu da komai ba. Ba mu kira dokar da sunan korona ba, don da mun yi haka da rigima ta tashi. Mura ce muka ce, kuma ko murar ce ta gaske, ko korona ce, ko wata cutar huhu, tsohuwar ba ta buƙatar ko ɗaya.

Sai maganar kemis. Yau in mutum ya yi zazzaɓi da ciwon jiki, hukuncin da zai samu a unguwa guda ne: maleriya da taifot. A haɗa masa allurai da ƙwayoyin kashe ƙwayoyin cuta kala uku, alhali irin waɗannan magunguna ba sa taɓa korona ko mura. Mun ga yadda aka yi rububin kulorokwin a 2020 bayan shugaban Amurka Donald Trump ya yabe shi, har aka kwantar da mutane a Legas saboda shan da ya wuce kima. Mun ga jiƙon Madagaska da aka ce yana maganin korona, da yadda tazargade ta yi tsada a kasuwar Kurmi. Abin da bincike ya tabbatar a Ingila a watan Yunin 2020 shi ne dexamethasone na rage mutuwa, amma ga wanda ciwon ya kai shi ga buƙatar oksijin kawai. Ga mai ciwo sama-sama ba ya amfani, ga mai suga kuwa yana iya hauda sugan ya kai shi inda ba a so. Maganin asibiti ne, ba na teburin mai kemis ba.

Abin da ya fi kamata a sani a kowane gida mai tsoho shi ne alamomin da ba a kwana da su. Numfashi sama-sama ko haki daga ɗan motsi kaɗan, nauyi ko ciwo a ƙirji, ruɗewa ko yawan barcin da ba a saba gani ba, kasa ci da sha. Akwai 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ta auna oksijin na jini, ana samunta a manyan shagunan magani, ba ta kai kuɗin ankon biki guda ba. Amfaninta shi ne korona kan sauke oksijin mutum yana zaune yana hira bai sani ba. In ta nuna 92 ko ƙasa da haka, asibiti za a nufa. Sai dai a sani cewa a fatar baƙin mutum takan nuna lamba sama da ta gaskiya, don haka in tsoho yana haki, kada a tsaya jayayya da na'ura.

Game da allura, gara a faɗi gaskiya duka. An yi ta yaɗawa a WhatsApp cewa duk wanda aka yi wa zai mutu cikin shekara biyu, ko ya daina haihuwa. An fara yi a Najeriya a Maris ɗin 2021, da allurai kusan miliyan huɗu na AstraZeneca da suka iso ta shirin COVAX. Ni an yi mini, ga ni ina rubutu, waɗanda muka yi layi tare wasunsu sun yi suna ba sau ɗaya ba. Gaskiya ne kuma cewa allurar AstraZeneca takan jawo daskarewar jini ga mutane ƙalilan ƙwarai, hukumomin Turai sun faɗi haka tun 2021, kamfanin ya janye ta daga kasuwa a 2024 bayan sababbi sun fito. Ɓoye irin wannan shi ke ba masu jita-jita abinci. Abin dariya, da Saudiyya ta sa allura cikin sharuɗɗan aikin Hajji a 2022, bayan shekara biyu ba a je daga waje ba, masu zaginta da yawa su suka fi kowa sammako a layi. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya a yanzu ba ta ce a bi kowa da allura ba. Tsofaffi, da masu ciwon da ke raunana jiki, da masu juna biyu, da ma'aikatan lafiya, su ake so a sabunta musu. Shawara ce mai hankali, kuma ta yi daidai da ƙarfin aljihunmu.

Ga malamanmu, waɗanda maganarsu ta fi ta kowane kwamishina shiga kunne, ba sai na koya musu tarihin annobar Amwas ba: yadda Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, ya samu labari, ya yi shawara da sahabbai ya juya da jama'arsa, da yadda annobar ta ɗauki manya irin su Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal. Ba wanda ya fi su tawakkali. Roƙona kaɗan ne. Liman ya faɗa a huɗuba cewa mai tari da zazzaɓi in ya yi sallarsa a gida, ko ya sa takunkumi ya tsaya a gefen sahu, bai yi laifi ba, ya kyauta wa dattawan sahun farko ne. Jumla guda daga mumbari ta fi tallar rediyo ta wata guda.

Saura gwamnati, wadda ita ta zubar da amanar, ita kuma ya kamata ta tsince ta. Ɗakunan gwaje-gwajen da aka buɗe a kusan kowace jiha a 2020 da 2021, da injinan samar da oksijin da aka yi bikin ƙaddamarwa, dukiyar jama'a ce, kuma amfaninsu bai tsaya ga korona ba. Yaro mai ciwon huhu da mace mai naƙuda da wanda ya yi haɗari duk oksijin ɗin nan suke nema. Ba a fafe gora ranar tafiya. A Janairun 2025 Amurka ta sanar da ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya, ta kuma datse tallafin hukumarta ta USAID da ayyukan lafiya da yawa a Arewa suka dogara da shi. Wanda ya saba biya mana kuɗin sa ido a kan cututtuka ya tattara kayansa. In ba mu gwada ba, ba wanda zai gwada mana, kuma ƙasar da ba ta gwaji kullum za ta ce ba ta da cuta, sai masu haƙar kabari sun sake fitowa sun ba ta labari.

Ba na neman kwamiti, ba na neman asusun tallafi, don mun san inda wannan hanya take ɓullewa. Kwamishinonin lafiya na jihohin Arewa, kafin hunturu ya kama, kowannenku ya fito rediyo da Hausa ya gaya mana abu uku: a wane asibiti ake gwajin korona a jiharsa yau, gado nawa ne ke da oksijin mai aiki, kuma ina dattijo mai suga zai je a sabunta masa allura in yana so. Wanda ba shi da amsa ya ce ba shi da ita, ya faɗi ranar da zai kawo ta.